Wace ce Babba a Jikokin Alhaji?

Kakata ta Dugabau tana da 'yar'uwa a Madadi, 'ya'yan wa da ƙani ne. Tun zamanin tsuke bakin aljihu, da kuɗin mota ya tashi, bukukuwa suka ragu, ba su ƙara sa juna a ido ba. Ba faɗa suka yi ba. A danginmu ƙarami ke zuwa gaida babba, su kuwa kowacce ta kafe ita ce babba. Sai dai aike: wannan ta aika da daddawa, waccan ta maido da man shanu, a haɗa da saƙon "a gaida yarinyar nan."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wa'azin zumunci ya cika rediyo. Kakata ta ce mini, "Kai malamin makaranta, tunda Shari'a ta zo, a yi mana ita. Ni dai an haife ni shekarar da jirgin sama ya fara sauka a Kano. Je ka tambayi waccan." Na karɓi aikin, don ina tsoron ɗaya ta riga mu gidan gaskiya ba su gana ba.

Ta Madadi ta ce babu ruwanta da jirgi, ita an haife ta shekarar da kakansu Alhaji ya dawo daga Makka. Kowacce da mudunta ke nan.

Aka nuna mini wani tsoho tukuf a Mainika, wanda ya tashi a maƙwabtan Alhaji. Shi ya ba ni labarin. Da Turawa suka shiga Kano, Alhaji ya bi masu hijira gabas da ƙafa, ya bar 'ya'ya biyu ƙanana. Ya yi noman auduga a Sudan, ya sauke farali, ya dawo da furfura. A Kano ya tarar gari ya ɗauka da zancen jirgi. Ya iso gida ya sami matan 'ya'yansa duk sun haihu, aka yanka raguna biyu rana ɗaya.

"To Baba, wacce ta riga faɗowa?"

"Ɗana, ni lokacin nama nake jira."

Na yi dariya har na ƙware. Tunda babu babba, na haɗa su a gidana a Gwarzo, kada a ce wata ta je gidan wata.

Suka yi kiciɓis a tsakar gida. Kakata ta dubi 'yar'uwarta, ta ga yadda ta ranƙwafe, sai kawai ta durƙusa. Waccan ma ta zube, suka rungume juna, kuka da dariya a haɗe. Daɗi ya kama ni. Da aka gama gaisuwa, gwiwoyi suka ƙi tashi. Na miƙa wa kakata hannu, ta ture shi.

"Ɗaga ta tukuna," in ji ta. "Ba ka ga ita ce tsohuwa ba?"