Ma'azu da Irin Jan Bijimi

Ma'azu, likitan dabbobin unguwarmu a Dogon Dutsi, ya fi lallashin tulu a kan matarsa Rakiya. Tulun ƙarfe ne mai hayaƙin sanyi. A ciki akwai maniyyin wani jan bijimin Azawak da ya mutu shekara huɗu da suka wuce, an daskarar cikin 'yan tsinkaye. Saniyar da aka sa wa, sai ta zubo maraƙi kamar ɗan doki. Mu kuwa muna ce masa Uban Maruƙa, yana tsaki.

Bana motar da ke kawo ruwan sanyin da ake ɗura wa tulun daga Yamai ta yi sati uku shiru. Kullum ya tsoma sanda ya auna, ruwa sai ƙasa yake. Da motar ta iso, tsinke huɗu suka rage, ba wanda ya san ko da sauran rai.

Ga inda abin ya ɗaure: ba a sani sai an narka tsinke an leƙa a madubin likita, wanda aka narka kuma ya tafi ke nan. Takardar aikinsu ta ce in arba'in cikin ɗari na ƙwayoyin maniyyin suna iyo, iri na nan. Ya narka ɗaya: talatin da takwas. Ya ce ai na sama ne, ya sha iska. Ya ciro na ƙasa: arba'in da ɗaya, amma suna ta kewaya wuri guda kamar 'yan maye. Na uku ya ƙirga sau biyu, lissafi biyu ya samu.

"Malam," in ji Rakiya, "haka za ka cinye su da ido?"

A ranar, Inusa, wani makiyayi daga Ɗan Kassari, ya zo da moto, babur ke nan, ɗaukarsa. Saniyarsa na neman bijimi, kuma shekara guda yana hana bijiman gari kusantarta, yana jiran irin jan bijimin.

"Likita, suna da rai ko sun mace?"

"Suna motsi."

"Ba motsi nit tambaye ka ba. Wutsiyar ƙadangare ma in ta guntule tana motsi."

Ma'azu ya ɗaure tulu a bayan moto, ya je ya sa mata na ƙarshe bai leƙa ba.

Bayan kwana ashirin da ɗaya Inusa ya bugo waya: saniya ta koma hawan 'yan'uwanta, ba ta ɗauka ba.

"To laihin wa, likita? Iri, ko saniya, ko hannunka?"

Ma'azu ya ɗaga murfin tulu, ya mayar. Babu sauran abin da za a leƙa.