Addu'ar da Na Saƙa wa Shanun Surukina

A shekarar da nake bincike kan tsara manhaja kashi-kashi, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Ilimin kuwa shi ne: abin da kowane sashe ke buƙata, kada ka bi sassa kana maimaita shi. Rubuta shi sau ɗaya a gefe, na'ura ta saƙa shi ko'ina, kamar gishiri a miya.

Surukina ne shugaban ƙungiyar manoman ƙauyenmu, kusa da Gezawa, kuma tun da na auri 'yarsa yake kallon aikina a matsayin danne-dannen banza. Don in burge shi na haɗa wa ƙungiyar manhajar tura saƙo ta waya: sashen taki daban, na farashin gyaɗa daban, na cigiya daban. Dattawa suka ce saƙon ba ladabi, ba sallama ba addu'a. Na ce wannan ai tuwona ne! Kaka ta yi kyau, sai na rubuta layi ɗaya tak, na ce ya bi kowane saƙo: "Barka da arziki, Allah ya maimaita mana."

Ranar kasuwa shanun huɗar surukina suka ɓace. Sakataren ƙungiya ya tura cigiya. Wallahi har kaji sai da suka karanta: "Shanun Alhaji biyu sun ɓata. Barka da arziki, Allah ya maimaita mana."

Na cire takalmi tun daga bakin masallaci, na isa zaurensa a durƙushe.

"Malam mai kwamfuta, addu'arka ta iso," in ji shi.

"Baba, na'ura ce ta saƙa..."

"Ita ta auri 'yata?"

Na shiga lissafin inda zan koma da zama, ko Tsanyawa ko bayan duniya. Ashe dariya ta ɗauki saƙon, ana ta turawa, har ya kai wayar wani direban bas a Minjibir da ya ga shanu biyu suna cin harawar mutane. Kafin la'asar an koro su gida.

Bincikena ya koma kan yadda sashe zai iya cewa "ban da ni". Surukina ya bar manhajar tana aiki. Amma ran da babur ya kayar da ni a kwata, shi ya fara kira: "Barka da arziki, Malam. Allah ya maimaita mana."