Farantan Mama Rifkatu

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na shiga rumfar Mama Rifkatu a Herwagana ba, kuma ba na jin zan manta har in koma ga Mahaliccina. Na daɗe ina ɓoye labarin nan. Yanzu da ya rage mini 'yan watanni in ajiye aiki, gara ku da kuka shigo aikin duba-gari kwanan nan ku ji shi daga bakina.

A lokacin ina cikin shekarata ta biyar a aiki. An ɗan ƙara mini girma, an ba ni jagorancin ƙaramar tawaga: ni, da leburori biyu, da direban motar shara. Damina ce, amai da gudawa ya ɓulla a wasu unguwanni, sai shugaban sashenmu, Malam Bappa, ya rarraba mu mu zagaya wuraren sayar da abinci.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar a sarari take. In ka isa wuri sai ka gabatar da kanka, ka duba ruwan sha, da wurin wanke-wanke, da yadda ake rufe abinci, da kwanukan da ake zuba wa mutane. Kwanon da ya tsage ko ya ɓantare ba a yarda a ci a cikinsa ba, domin datti yana maƙalewa a tsagar inda soso ba ya kaiwa. Karon farko takardar gargaɗi ake bayarwa. In ka dawo bayan kwana bakwai ka tarar ba a gyara ba, sai ka ƙwace kayan, ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, mai su ya sa hannu, ka kai ma'ajiya. Babu inda aka ce ka fasa wa mutum kayansa. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

Amma a ofis ana yi mini tsiya cewa ni mai sanyin hali ne, wai mata masu abinci da malmalar tuwo biyu suke gamawa da ni. Da safen ranar ma wani abokin aiki ya faɗi haka a gaban leburorina, suka ƙyalƙyale da dariya. Na fita rai a ɓace, ina neman wanda zan huce a kansa.

Rumfar Mama Rifkatu a jikin gidanta take, ɗaki guda mai benci huɗu. Dattijuwa ce, mutuniyar kudancin jihar nan, tana sayar wa makanikai da ƙananan ma'aikata tuwo da shinkafa da wake. Wurin tsaf-tsaf yake. Randa a rufe, ruwan ɗauraya fes, kwanukan silba a kife kan tebur suna tsanewa. Na duba, na sake dubawa, ban sami abin kamawa ba. Sai idona ya kai kan bangon ciki. Wata kanta ce ta katako mai hawa uku, an jera farantan tangaran a tsaye, dukkansu fari da shuɗi, za su kai talatin. Wasu sababbi ne fil, irin na kasuwa. Wasu kuwa sun tsufa, farinsu ya koma ruwan madara, fuskarsu ta yi 'yan tsage-tsage kamar yanar gizo.

Na ce, "Mama, waɗannan fa?"

Ta ce, "Ado ne, ɗana. Ba a cin abinci a cikinsu."

Na ce, "Kowa haka yake faɗa."

Na miƙa hannu na zaɓo guda huɗu waɗanda suka fi nuna tsufa. Ɗaya daga cikinsu yana da zanen gada da wata bishiya mai rassa a sunkuye da tsuntsaye biyu a sama. Ya taɓa rabewa biyu, an huda shi an ɗinke da 'yar waya ta baya. Da ta ga na ɗauko shi sai ta saki ludayin da ke hannunta.

"Shafa ka ji, ɗana, ko maiƙo babu. Wannan na babana ne. Ajiye shi in ba ka labarinsa."

Na ce, "Ba labari na zo ji ba."

Wani bakanike da ke cin abinci ya sa baki. Ya ce, "Malam, shekara da shekaru a nan nake ci, ban taɓa ganin an sauke su ba." Gaskiya ya faɗa, kuma a raina na san gaskiya ce, don na ga ƙura a bayansu. Sai dai leburorina suna tsaye suna kallona, na ga in na mayar da su na zama abin dariya. Na fita bakin ƙofa, na riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya a kan simintin kwalbati. Mai ɗinkin shi ne na ƙarshe.

Na zaci za ta yi ihu ko ta zage ni. Da ta yi, da na ji sauƙi. Zama kawai ta yi a kan benci, ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallon ƙasa. Na sa leburori suka share gutsattsarin cikin buhu suka jefa a mota. Babban cikin leburorin sai da na maimaita masa sau biyu kafin ya sunkuya. Da na koma ofis na rubuta a rahotona cewa an sami faranti huɗu masu tsaga ana zuba wa jama'a abinci a ciki, an lalata su.

Washegari da hantsi Malam Bappa ya aiko a kira ni. Ina shiga na tarar da Mama Rifkatu zaune, ta yi shiga kamar mai zuwa coci.

Ya ce, "Auwalu, ka san wannan baiwar Allah?"

Na ce, "Na santa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Mama, maimaita masa abin da ya kawo ki."

Ta ce, "Ni ba ƙara na kawo ba. Gutsattsarin nake roƙo a ba ni. Ko da na mai ɗinkin nan ne kaɗai."

Malam Bappa ya tambaye ta tarihinsu, sai na ji labarin da na ƙi saurara jiya. Mahaifinta kuku ne a gidan mishan na garinsu. Da Baturiyar da yake wa aiki za ta koma ƙasarsu ta ba shi farantin, bai taɓa yarda a ci komai a ciki ba. A hanyar ƙaurarsu zuwa Gombe ya rabe, mahaifiyarta ta yi ta yawo da shi har ta sami mai gyaran da ya ɗinke shi. Sauran ukun kuwa marigayi mijinta ne ya kawo, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, in ya yi doguwar tafiya da guda ɗaya yake dawo mata. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da tarawa. In ta ji wata za ta rabu da tsofaffin kayan ɗakinta takan je ta duba, 'ya'yanta kuma sukan kawo mata sababbi lokacin Kirsimeti.

Malam Bappa bai ɗaga murya ba. Rahotona ya turo mini ya ce, "Karanta mana da ƙarfi."

Na fara karantawa. Da na iso wurin da na ce ana zuba wa jama'a abinci a ciki, sai na tsaya. Mama Rifkatu ta ɗago ta dube ni.

"Ɗana, ka gani da idonka?"

Na ce, "Ban gani ba, Mama."

Ta gyaɗa kai. A nan take Malam Bappa ya ba ni takardar tuhuma, ya sauke ni daga jagorancin tawaga, ya sa na sake rubuta rahoton da gaskiyar abin da ya faru. Ya tambaye ta ko tana so a kai maganar gaba, ta ce a'a. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji abin da take nema. Kada ka zauna a kujerarka sai ka nemo."

Motar ta riga ta juye sharar a juji, can bayan gari, ga ruwa an yi kamar da bakin ƙwarya. Direba ya nuna mini daidai wurin da yake tsammani. Kwana biyu na yi ina tono da manjagara, cikin kakina, masu tsintar robobi suna kallona suna mamaki. Buhun ya fashe, komai ya watse cikin taɓo. Abin da na samu bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. Na kai gida Pantami na wanke su da kaina, matata ta tambaye ni ko na mene ne, na kawar da zancen.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya kasuwa na sayi sabon faranti fari da shuɗi, mafi kyawun da na gani, na nufi Herwagana. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in yi sallama.

Ta zuba gutsattsarin a kan tire, ta sa tabarau, ta shiga warewa da ɗan yatsa. Uku na mahaifinta ne, ɗaya har da wayar a jikinsa. Biyar na mijinta. Sauran ta ture gefe.

Ta ce, "Waɗannan ba nawa ba ne. Dubi shuɗinsu, a sama ya zauna kamar fenti. Na da kuwa nutsewa yake cikin farin, har ya ɗan yi naso a gefe."

Ta ɗaure nata a bakin wani ƙyalle. Ni kuwa na miƙa mata sabon, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta juya shi ta duba bayansa, ta ɗan ƙwanƙwasa da farce ta saurara.

"Na bana ne. Ba laifi, yana da kyau."

Ta tashi ta jingina shi a hawa na sama, inda na mahaifinta yake a da. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini, don girman Allah."

Ta ce, "Tashi, ɗana. Na yafe tun ranar, kada ka ɗauki nauyin nan ka tafi da shi. Amma ka sani, kowane faranti a kantar nan 'ya'yana da jikokina sun san wanda ya kawo shi da dalilin kawo shi. A kan naka ma ba zan yi musu ƙarya ba."

Ba ta kuwa yi ba. Bayan shekaru, tana raye amma ƙarfi ya ƙare, babbar 'yarta ce ke riƙe da rumfar, aiki ya sake kai ni can. 'Yar ba ta gane ni ba. Da ta ga ina kallon kantar sai ta fara nuna mini su cikin fara'a: wannan na wane, wancan daga wance. Da ta iso na sama ta ce, "Wannan kuma wani duba-gari ne ya kawo, bayan ya fasa na kakanmu." Na ce mata Allah ya kyauta, na cika takardata, na fita. Ko a ranar ban iya cewa ni ne ba.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Kakin nan yana buɗe mana ƙofar ɗakunan mutane, su kuma suna barinmu mu shiga ne don sun yarda lafiyarsu muka zo tsarewa. Ƙa'idar da ta ce gargaɗi tukuna, a rubuta, a sa hannu, a ajiye, ba don ta ɓata mana lokaci aka yi ta ba. An yi ta ne saboda ranar da ɗayanmu zai fito da fushin da ba mai rumfa ce ta jawo shi ba. In mai wuri ya ce ku tsaya ya ba ku labarin wani abu nasa, ku tsaya ku ji. Nata bai fi minti biyar ba, ni kuma ga shi na kusa ajiye aiki ban gama jin kunyar ƙin sauraronsa ba.