Kaka Ladi da Farin Yadi

Duk wanda ya sake ce min Kaka Ladi ba ta taɓa cutar kowa ba, sai mun ɓata da shi. Kakar nan tawa ba ta iya ganin farin yadi ta ƙyale shi. A Makka fa, garin da kowane namiji fari yake sawa!

Laifin maƙwabciyarta ne a unguwar Hindawiyya, wata tsohuwa 'yar Jawa ta ƙasar Indonesiya wadda rinin batik sana'ar gidansu ce. Ita ta koya mata narka kakin zuma a 'yar butar tagulla, a zana fure a yadi, a tsoma a rini. Tun daga nan ba mu ƙara shanya da kwanciyar hankali ba.

Da zanen gado Kaka ta fara. Babana ya yi ƙorafi, ta ce, "Ya waladi, ɗana, nan gida ne ko asibiti?"

Wata shekara baƙonmu daga Kano ya shanya haraminsa. Na kama ta tana shafa shi.

"Kaka, harami ne fa!"

"Na sani. Aunawa kawai nake yi."

Aunawa! Don me?

Amma tawa ta fi ciwo. Sabuwar jallabiya na ɗinka don zuwa gaida surukai a unguwar Jarwal, na ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Ranar tafiya na tarar da ita a igiya, ta koma ruwan ƙasa, an jera mata layuka a karkace.

"Esh hada, Kaka? Mene ne wannan?"

"Zanen sarakunan Jawa ne, ja'iri. Ko godiya babu?"

Haka na tafi da aron ta ƙanena, iya ƙwauri. Har yau surukina ƙafata yake fara kallo kafin ya amsa sallamata. Kuma a ce in yi shiru!

Kaka ta daɗe da sayen likkafaninta, ta wanke da zamzam ta kulle. Ranar da ta rasu, ina kuka, na ce a raina yau za mu ji kunya a masallaci. Mata suka warware likkafanin, fari fat, ko ɗigo babu. Ashe mamata ta taɓa tsokanar ta a kai, Kaka ta ce mata, "Halas, shi ke nan, wannan ban isa ba. Gaban wanda ya fi ni iya zane zan je."

Allah ya jiƙan ki, Kaka. Jallabiyar dai na yafe. Allah Ya sa ki tarar da takardarki fari fat kamar yadda kika bar yadin nan.