Rumfar da Na Juya wa Gabas Baki

Bijimai goma sha huɗu ne. Tara farare, uku jajaye masu dogon ƙaho da na sayo a Mai'aduwa, biyu kuma buzaye da suka tsallako daga Nijar. Wata biyar ina ɗura musu dusa da harawa, saura kwana ashirin Babbar Sallah. Duk abin da na tara a shekara goma sha ɗaya ta dillancin dabbobi yana tsaye a kan ƙafafun nan hamsin da shida, a ƙarƙashin rumfa ɗaya.

Rumfar nan ni na tsara ta. Filina yana gefen titin da ya tashi daga Daura ya nufi Kongolam, ta ɓangaren yamma, wato titin yana gabas da ni. Na sayi dirkoki ashirin da huɗu na itacen turare da kwano bandir shida, na ɗauko wani dattijon kafinta daga Zango wanda rumfunansa ke shekara ashirin ba su motsa ba. Aikinsa ba na gaggawa ba ne. Kowane rami sai ya kai masa ƙugu. Gindin kowace dirka sai ya babbaka shi a wuta, ya shafe shi da baƙin mai saboda gara, sannan ya cika ramin da marmara ya daddaɓe. Katakon sama kuwa bai yarda da ƙusa kaɗai ba, sai ya naɗe shi da langalanga ya haɗe shi da dirka.

Wuri ɗaya muka saɓa. Irin wannan rumfa gefe ɗaya dogo ne a buɗe, ɗaya gajere a rufe da zana. Da ya ja igiyar awo sai na ga ya sa gajeren gefen ta wajen titi.

Na ce, "Baba, ka juya min ita. Bakin nan titi zai kalla."

Ya ce, "Alhaji, hadarin ƙasar nan daga gabas yake zuwa. Baya ake ba shi."

"Mai saye ma daga gabas yake zuwa. In bai ga tozo daga cikin mota ba, zai taka birki ne don ya kalli zana?"

"Mai saye yana da ƙafa, zai zagayo."

"Rumfar taka ce ko tawa?"

Ya dube ni, ya naɗe igiyarsa. "Taka ce, Alhaji. Ni guduma kawai na kawo."

Da ya gama ya ƙara min magana ɗaya: in kafa wa shanun turaku nasu daban, kada in ɗaure su a jikin dirkokin. Na ce to. Amma ga itace a tsaye kamar an dasa dutse, me zai sa in sake haƙa rami goma sha huɗu? A dirkokin gaba na ɗaɗɗaure su, inda aka fi ganinsu.

Kuma ba zan ɓoye ba, dabarar ta yi aiki. Motoci suna tsayawa. Mutum biyar sun taya, na ƙi sallamawa, ina jiran kasuwa ta ƙara zafi.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Ƙanena, wanda ke kula da shanun tun ranar da na kawo su, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya ajiye bokiti ya ce, "Yaya, mu kwance su mu kai su bayan katanga."

Na ce, "Bari, iska ce, yanzu za ta wuce."

Ban rufe baki ba ta iso. Ta shiga ta bakin nan da na buɗe mata, ta sami zana a baya ta rasa mafita, sai ta yi sama. Na ga rufin ya kumbura ya sauka, ya sake kumbura. Da kafintan ya yi aikin banza, da kwanon ne kawai zai tashi ya bar mana itace. Amma langalangar ta riƙe. Rufin ya ja katako, katako ya ja dirkoki, shanun kuma suka firgita suka fizga gaba ɗaya daga ƙasa. Dirkokin gaba suka tumɓuko da marmararsu, rumfar ta miƙe tsaye kamar za ta yi tafiya, ta karye a tsaka, ta rufto.

Abin da ya biyo baya ban gan shi a jere ba. Ƙusoshi suna ɓallewa da ƙara kamar harbi. Fallen kwano ɗaya ya wuce ta saman kaina yana juyawa, ya sami wani jan bijimi a wuya, ya buɗe shi har tozo. Wani farin ya fito da gudu yana jan dirka guda a igiyarsa, dirkar tana dukan duk abin da ta samu. Ta karya wa ɗan'uwansa ƙafafun gaba biyu, ta kwashe ni ta maka da ƙasa. Na tashi bakina cike da jini da yashi. A ƙarƙashin kwanon ana ta kuka da shure-shure, ƙaho yana huda rufi yana fitowa.

Ƙanena ya shiga da wuƙa yana yanke igiyoyi. Ya saki huɗu. Yana kan ta biyar wani falle ya zamo masa, ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Kwanon ya yanke shi daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwa. Na jawo shi waje ta wuyan riga. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake. Na yage rigata na ɗaure masa damtse da iyakar ƙarfina.

A nan ne wurin da nake tsayawa duk lokacin da na tuna ranar. Motata tana nan, taku ashirin. Jan bijimin kuma yana kwance yana kakari, idonsa ya fara juyawa. Dabba in ta mutu ba a yanka ba, ta zama mushe, ko fatarta da wuya a more ta.

Ƙanena da kansa ya ce, "Yaya, yanka shi! Kada ya tafi a banza!"

Na ɗauki wuƙar daga ƙasa. Ruwa ya sauko. Na durƙusa a laka na juya wuyan bijimin gabas, na yi bisimilla na yanka. Na tashi zan koma wurin ƙanena, sai na ga mai karyayyun ƙafafu yana dukan ƙasa da kai. Na yanka shi. Mahauta biyu da suka fake a wani shago suka rugo, muka ɗaga kwano, muka tarar da biyu sun riga sun mutu, biyu da sauran numfashi, katako ya shige wa ɗaya a ciki. Su ma na yanka. Huɗu ke nan. Sai a sannan na waiwaya na ga ƙanena ya jingina da tayar motata, leɓɓansa sun yi fari, ya daina magana.

A asibiti an ɗinke shi, an ƙara masa jini leda biyu. Likitan ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru. Na faɗa masa. Ya dubi agogo, ya dube ni.

Washegari da hantsi mahauta suna ta fiɗa a filin sai ga kafintan a kan babur. Ya sauka yana salati. Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na shaƙe masa wuyan riga, na wanke shi da mari, hularsa ta faɗi cikin jini. Na ɗaga hannu zan ƙara, wani mahauci ya rungumo ni ta baya ya yar da ni, ya danne min ƙirji da gwiwa, wuƙar fiɗa tana hannunsa.

"Alhaji, ka ji kunya! Sa'an ubanka ne!"

Dattijon ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Ya bi tarkacen yana duba mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo ya tsaya a kaina.

"Tashi ka nuna min langalanga ɗaya da ta tsinke."

Babu. Na sani tun kafin ya duba.

Kwana takwas na yi kafin na iya zuwa Zango. Na tafi da kawuna, na cire takalmi a zaure, na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama cin goronsa.

Ya ce, "Yaya hannun yaron?"

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

"To. Wannan karon ina ne gaba?"

"Inda ka ce."

Bayan Sallah ya sake kafa ta, baya ga gabas, rufin ya sunkuyo har sai mutum ya duƙa. Turaku goma sha huɗu na kafa da hannuna, nesa da dirkoki. Duk shekara kafin ruwan fari nakan bi gindinsu da tsinken ƙarfe ina neman gara, in sake shafa mai, in ƙara ƙusa inda ta yi sako-sako. Ta ga damina shida yanzu. Masu saye suna zagayowa.

Cikin goma sha huɗun nan, huɗu na yanka, mahauta suka ɗauka yadda suka ga dama. Biyu muka binne. Farin da ya ja dirka ya yi arewa, an ce an ga irinsa bayan Kongolam, ban sake ganinsa ba. Bakwai suka kai Sallah, su suka hana ni durƙushewa, a shekara uku na mayar da garken. Dirkoki goma sha biyar sun sake moruwa, kwano ko rabi bai tsira ba. Ƙanena yana nan tare da ni, yanzu da kasonsa a cikin kowane sa. Yatsu uku na hannunsa na dama ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake ɗaure igiya.