Kalmar da Wanda Ta Ƙi Faɗa

Bangon da ya raba ofishin Odessa da ɗakin jira katako ne kawai aka shafa wa fenti, don haka duk abin da Curtis ya gaya wa mahaifiyarsa a kunnenta ya sauka. Cewa yake me zai rage ta in ta buɗi baki ta faɗa, tunda shi da kansa ya amsa a gaban alƙali, kuma duk Alhamis yana maimaitawa a gaban ƙarti irinsa. Tsohuwar ta ce ya rage murya, nan ba gidan yari ba ne.

"Mama, ni da na aikata na ce na aikata. To ke wa kike karewa?"

"Gyara wuyan rigarka. Sai ka ce a bola aka tsinto ka."

Odessa ce ke kula da mazan da kotun birnin Toledo na Amurka take turowa gyaran hali bayan sun gama ɗauri kan laifin lalata. Shi Curtis 'yar matarsa ya ɓata, yarinyar ko firamare ba ta gama ba. Dokar da ke kansa ita ce ba ya shiga gidan da yara suke sai da mai sa ido, wani nasa da aka koya wa aikin. Ba a kuma amincewa da mai sa ido sai ya furta a gaban Odessa cewa ya yarda mutumin ya aikata, domin wanda ke ganin ƙage ne ba zai tsare kowa ba.

Mahaifiyar Curtis, mai suna Wanda Szymanski, ba ta taɓa fashin darasin masu sa ido ba, kuma ta fi kowa ganewa. A wurin furta cewa ya aikata ne kawai take togewa.

A masana'antar gilashi ta ƙare ƙuruciyarta, tana jera kofuna a kwali har yatsunta suka kanannaɗe. Mijinta giya ta kashe shi, ta binne shi da busassun idanu. Da auren 'yarta Renee ya mutu, sai ta kwaso ta da 'yan matanta biyu ta ba su saman bene. Duk da haka ita ke kawo Curtis a tsohuwar motarta, da kwanon kabeji da nama a nannaɗe cikin tawul, kada ya huce kafin ya koma ɗakin hayarsa na bayan gari.

Odessa ta ga iyaye mata masu musu iri-iri. Suna kuka, suna tsine wa yarinya, suna neman wani lauya. Wanda ba ta taɓa aibata yarinyar ba. "Sharri aka yi wa ɗana" kawai take cewa, ba zafi ba sanyi, kamar mai karanta allon tashar bas. Abin yana ci wa Odessa rai, kuma ba don Curtis kaɗai ba. Shi ne wanda take nunawa in manyanta sun tambayi amfanin aikinta, ga tsohuwa ɗaya ta hana shi ci gaba.

Kirsimeti ta ƙarato, Curtis yana son cin abinci a gidan da aka haife shi. Suka shigo, Odessa ta yi tambayar, Wanda ta ba da amsar da ta saba. Curtis ya yi wa kujera hauri ya fice wajen mota.

Wanda ta tsaya tana fama da maɓallan kwat. Odessa ta raka ta, tana gaya mata cewa kaɗaici ne ke mayar da irin su Curtis ruwa, kuma soyayyar da ta rufe mata ido cutar da shi take yi. Ta faɗa da ɗan zafi, har da niyyar ya yi ciwo.

Tsohuwar ta riƙe ƙofa, ta leƙa ta tabbatar ɗanta ya yi nisa.

"'Yar nan, ni na haife shi, na riga alƙali sani. Amma ranar da na faɗa, ranar za ki buɗe masa gidana. Ni kuwa barci ke sace ni a kujera, gwiwata ba ta hawa bene, ɗakin yaran kuma a sama yake. Bar shi ya ɗauka so ne ya makantar da ni. Ya fi masa sauƙi a kan ya san tsoronsa nake ji."