Garin kifin da mijina ya kawo daga sito

Mijina, Allah Ya jiƙansa, ya kusa kashe mini 'ya'ya saboda rowar magana. Na yafe masa, amma ba zan fasa faɗa ba.

Shekarun baya ne, zamanin Faransa, tun ba a gama gadar Wuri ba. Muna zaune a Niyu Bel cikin gidan katako mai ɗaki biyu. Wanda bai yi damina a Duwala ba bai san ruwa ba. Sai a kwana bakwai ana zubawa, kwata ta cika, duk abin da ke rami ya fito ya nufo ɗakunanmu. Kyankyaso, jaba, ɓeraye manya kamar 'ya'yan kyanwa. Sun ci sabulu, sun huda buhun masara, har suka gwaguyi dunduniyar ƙaramar 'yata. Na toshe ramuka da fasasshiyar kwalba da laka, ruwa ya wanke. Kullum ina masa mita.

Shi dako yake yi a wani sito a tashar jirgin ruwa. Wata safiya na tarar da ƙunshi a kan tukunyar gari, an yi jan rubutu a jikin takardar. Ya ajiye ya fita, bai ce uffan ba. Na buɗe na shinshina: garin busasshen kifi ne sak. Har na ji daɗi, na ce yau mutumin ya tuna da miya.

Lokacin ko bihim ban sani ba a boko. Amma ina ji da kaina, wai na iya Faransanci, tunda ina cinikin kifi a kasuwa ba a cuce ni ba. Maƙwabciyarmu tela ce, ta yi makarantar mishan. Na ɗaga mata takardar ta saman darni, tana ta kwashe shanya, ruwa na dukan kwano.

"Madam, me aka rubuta nan?"

Ta leƙo ta ɗaga murya. "Puwazon!"

"Puwason? Ai na ji warinsa." Haka ake ce wa kifi da Faransanci.

"Mai kyau ne, Mami," in ji ta da Hausarta ta koyo. "Zuba da yawa, su ci duka!"

Na kuwa zuba da yawa. Na juye shi kaf a miyar kuɓewa.

Abu biyu suka tsaya mana ranar. Ina ramuwar azumi, don haka ban ɗanɗana ba. Itace kuma ya jiƙe, tuwo ya ƙi nuna har bayan azahar. Yaran nan biyu suna zaune da kwanoninsu suna kukan yunwa, ni ina hura wuta ina tsine wa mai itace.

Na kwashe tuwo, na ɗebo miya a ludayi ke nan, sai ga shi ya shigo jagab, an tashe su aiki saboda ruwa. Ya dubi kan tukunyar gari.

"Ke, ina maganin ɓeran da na ajiye?"

"Wane magani?"

Idonsa ya sauka kan takardar a bakin murhu, ya dawo kan ludayin. Ban taɓa ganin namiji ya yi tsalle irin wannan ba. Ya haure tukunyar, miya ta malale a tsakar gida, ya fizgi yaran yana buɗe bakinsu da yatsa.

"Sun ci? Sun ci?"

Ludayin yana nan a hannuna. Babbar ce ta ce, "Baba, ba a ba mu ba tukuna," ta fashe da kuka don an zubar mata da miya.

Ashe a sito da garin kifi suke cuɗa gubar, don ɓera ya ci. Da ya dawo hayyacinsa sai ya hau ni da faɗa. "Ba ga shi an rubuta a jiki ba!"

Nan bakina ya buɗe. Na ce, "An rubuta wa wa, Malam? Ni ka taɓa ganina da fensir? Kalma uku ta gagare ka? Maganin ɓera ne. Shi ke nan!"

Ya ɗauki fartanya ya binne miyar, da ƙasar da ta taɓa.

Sai da na aurar da yaran nan na shiga ajin manya, da furfurata. Amma har yau in na ɗaga ludayi a kan kwanon jika, hannuna yakan tsaya shi kaɗai.

Washegarin ranar miyar nan ban jira ruwa ya tsagaita ba. Na ɗauki gawayi na je na ja Madam daga kan kekenta har madafata. Da ta ji abin da ya faru, ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Allah da yarensu. Ashe guba ta ce mini, ɓeraye take nufin su ci duka. Na ce ta bar kuka, ta rubuta mini kalmomin biyu da Faransanci a jikin katako, kifin da gubar, ɗaya a kan ɗaya. Ta rubuta. Na bi su da yatsa ɗai-ɗai, duk iri guda, sai a tsakiya: kifin yana da wata lanƙwasa guda biyu, gubar tana da ɗaya.

Na ce, "Wannan 'yar mai kama da tsutsa, ita ke nan bambancin?"

Ta ce ita ke nan.

Na karɓi gawayin. "To riƙe mini hannu. Da ita zan fara."